Matar da ke Jikin Kwalba

Maman Biyu ta ja labulen da ya raba shagon gida biyu, ta zauna a kan kujerar da mata ke ajiye jaka idan za a gwada su, ta ɗaga gefen rigarta. Ta matse fatar cikinta da yatsu biyu, ta tsira allurar, ta danna a hankali tana kallon silin. Ba ta gama zarewa ba aka hau dukan ƙofar shagon kamar za a ɓalle ta.

"Maman Biyu! Kina ciki? Don Allah fito!"

Muryar matar direba ce, maƙwabciyarta, wadda katanga ɗaya ta raba su tun yaransu na rarrafe. Maman Biyu ta cusa allurar cikin gwangwanin maɓallai, ta rufe da ƙyallaye, ta gyara riga ta fito.

"Yaya, lafiya?"

"Ina fa lafiya. Baban yara ne. Tun da sassafe aka kwashe shi zuwa babban asibiti, bai san wanda ke kansa ba. Ƙafar nan ce. Na dawo ɗaukar bokiti da bargo, amma ba zan iya komawa ni kaɗai ba."

Maman Biyu ta koma ciki. Ta kashe fanka, ta bar ruwan shayinta a kan tebur ko kurɓa ba ta yi ba, ta karɓi bokitin daga hannun maƙwabciyarta ta sa wa shagon kwaɗo.

A tsallaken titi, saman shagon mai gyaran waya, allon tallan na nan inda ya saba. Ita ce a jiki, fuskarta ta fi ƙofar gida girma, tana murmushi cikin koren mayafi, ta ɗaga kwalbar Gadon Kakanni kusa da kumatunta. A ƙasa an rubuta da jan fenti: Na warke daga ciwon sukari. Saboda wannan allon ne rabin unguwa suka bar kiranta Maman Biyu suka koma Na-Warke. Ta kawar da kai, kamar yadda take yi kullum.

Ranar da aka ɗauki hoton ba ƙarya ta yi ba. Wannan ita ce maganar da take gaya wa kanta duk lokacin da abin ya tsaya mata a wuya. Surukinta, mijin ƙaramar cikin tagwayenta, shi ya fara kawo mata kwalaben lokacin da ya sami aikin rarraba kaya a kamfanin. Ta gaji da allura, cikinta duk ya yi tabo, ta ce bari ta gwada. Ta sha, ta je ta auna, sukarin ya sauka kamar an zare shi da hannu. Ta yi murna har da hawaye, ta ajiye allura. Da labari ya kai kamfanin sai suka zo da fitilu da mai ɗaukar hoto, suka ba ta kalmomi ta haddace, suka tafi suka bar mata sabon keken ɗinki mai aiki da lantarki.

A kan keken nan ta kife wata rana da hantsi. Babbar 'yarta ce ta same ta, ta kai ta asibiti ba tare da kowa ya sani ba. Can likita ya gaya musu abin da ke cikin kwalbar: ruwan saiwoyi ne da launi, sai ƙwayoyin asibiti da aka niƙa aka zuba ba awo. A wata kwalbar ƙwayar ta yi yawa har ta kayar da mutum, wata kuma babu ko ɗigo. Tun daga nan ta koma wa allurarta a ɓoye. Ranar ganin likita takan fita kafin unguwa ta tashi, ta ja mayafi har hanci. Ta so ta yi magana, amma ƙaramar 'yarta na da ciki, kuma aikin nan shi ne na farko da surukin ya riƙe ya wuce wata uku.

A cikin bas matar direba ta yi ta magana, irin maganar wanda ke tsoron shiru.

"Ƙusa ce fa kawai ya taka a gareji. Ƙusa! Na ce ya je a duba, ya ce ai sukarinsa ya tafi, ciwo zai warke da kansa. Kin san shi da taurin kai. Ya ce ga Maman Biyu nan garau, ko ciwon kai ba ta yi. Shekaran jiya na kwance masa tsumman, wallahi sai da na fita waje na yi amai."

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Maman Biyu.

"Amin. Ko dai maganin naku ne ba ya sha daidai? Ke sau nawa kike sha?"

"Yaya, riƙe bargon nan da kyau, yana jan ƙasa."

Ta tuna ranar da direban ya zo shagonta da kansa, ya zauna a benci ya cire hula, ya ce, "Tsakaninki da Allah, maganin nan yana yi?" Ta ce masa yana yi. Lokacin ba ta faɗi ba tukuna. Bayan ta faɗi kuwa, iyakar abin da ta iya ce masa shi ne ya riƙa leƙa asibiti ana dubawa. Ya yi dariya ya ce, "Kin haye kin janye tsani ke nan? Ni da asibiti sai dai in kai wani."

Babban asibitin ya cika kamar kasuwa. Suka bi doguwar baranda mai warin maganin wanke ƙasa, suna tsallake ƙafafun masu jinya, har ɗakin da aka kwantar da shi. Direban mutum ne mai jiki, wanda idan ya yi dariya ake ji daga bakin titi. Yanzu yana kwance kamar an sace rabinsa, an rufe ƙafar da ƙaton kwali don kada zane ya taɓa ta. Babbar 'yarsa na zaune a gefe tana korar ƙuda.

Likitan matashi ne, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Ya ja su gefe ya yi magana a hankali, ba ya kallon kowa. Ya ce ruɓar ta wuce idon sawu tana hawa, ta fara shiga jini. Ya ce in ana son ransa sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma yau.

Matar direba ta dafa bango. "Likita, tuƙi yake yi. Da ƙafar yake ci da mu."

"Na sani, Mama. Ki yi haƙuri. Sukarinsa ya daɗe a sama ba a taɓa shi ba. Wane magani yake sha?"

Ta buɗe jaka ta ciro kwalbar ta miƙa masa da hannu biyu, kamar mai miƙa shaida. "Wannan ne. Ba ya fashi, wallahi. Ga ma wadda ta warke da shi nan, ƙanwata ce."

Likitan ya dubi kwalbar, ya dubi Maman Biyu, ya sake duban kwalbar. Ya mayar wa matar direba da ita, ya ce za a kawo takarda ta sa hannu, ya wuce.

Suna tsaye a barandar sai ga wata nas mai ƙiba ta taho tana tura keken magunguna. Ta ci burki a gabansu, fuskarta ta washe.

"A'a, Mama! Yau na ga fuskarki a buɗe. Ai yau ba ranarku ba ce. Ko allurar ce ta ƙare? Na ce miki fa ki daina bari sai ta ƙare."

Maman Biyu ta ja mayafinta har hanci.

"Allurar me?" in ji matar direba.

Nas ɗin ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta ga kwalbar a hannu, murmushinta ya mutu. Ta ce ana jiranta, ta tura kekenta ta yi gaba.

Matar direba ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Bara." Ta jinjina kalmar kamar tana auna nauyinta. "Lokacin da kika ɗinka wa yara kayan makaranta, yana zaune a bencinki yana ce miki tafin ƙafarsa kamar ba nasa ba, kina da allurar nan?"

"Ina da ita."

"A ina?"

"A bayan labule."

"Ni na kawo miki kunun da kika sha ranar da aka ce zazzaɓi ya kayar da ke. Ashe ba zazzaɓi ba ne."

"Yaya, ki saurare ni. Surukina, aikinsa, ga 'yata da ciki..."

"Kada ki ce mini Yaya a nan wurin." Ta miƙa hannu ta zare bokitin daga hannun Maman Biyu a hankali. "Kawo. Na gode da rakiya."

Ta shiga ɗakin ta mayar da ƙofa.

Maman Biyu ta daɗe a tsaye tana kallon ƙofar. Wani mai shara ya ce ta matsa, ta matsa. Daga nan ƙafafunta suka ɗauke ta zuwa bakin titi, ta hau bas ɗin da ke zuwa wajen manyan shaguna, inda ofishin kamfanin yake.

Ofishin na saman bene, a kan wani shagon sayar da tayoyi. A matakala kwalaye ne jibge har sun kusa tare hanya, kowanne da fuskarta a jiki. A ɗakin jira mata huɗu ko biyar na zaune a jere, sun sha kwalliya, kowacce riƙe da 'yar takarda tana motsa baki tana haddacewa. Sakatariyar na ganinta ta miƙe da murna.

"Kai, yau manya ne a gari! Ku gaishe ta, ita ce ta jikin kwalba."

Matan suka gaishe ta da girmamawa. Ɗaya ta ce, "Mama, ki sa mana albarka mu ma a ɗauke mu."

Mai kamfanin kowa Dakta yake ce masa. Yana sa farar riga irin ta likitoci a kan kayansa, bangon bayansa cike da takardun yabo a cikin gilasai. Surukinta ya taɓa gaya mata, yana dariya, cewa kafin ya zama Dakta takalma yake shigowa da su. Ya taso daga bayan tebur ya tarbe ta da hannu biyu.

"Uwarmu! Uwar kamfani! Zauna nan, a mai laushin. Me ya sa ba ki aiko an ɗauko ki ba?"

Ba ta zauna ba. "Yau za a yanke wa maƙwabcina ƙafa."

"Subhanallahi. Hatsari?"

"Maganinka yake sha. Ya zubar da na asibiti saboda ya ga fuskata."

Dakta ya girgiza kai cikin jimami na gaske, ko abin da ya yi kama da shi. Ya ɗauki kwalba daga kan tebur, ya juya bayanta, ya sa farce a ƙarƙashin wani rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa.

"Kin ga matsalar mutanenmu, ba sa karatu. Duba nan. Ƙarin kuzari ne, ba ya maye gurbin shawarar likita. Mu ba mu taɓa ce wa kowa ya zubar da maganinsa ba. Ba mu taɓa cewa yana warkarwa ba."

"An rubuta a allo, da jan fenti."

"An rubuta abin da kika faɗa. Na warke. Wa ya warke? Ni ko ke?"

"Ku kuka ba ni na haddace."

"Bakin wa ya faɗa, Mama?" Ya yi murmushi. "Kuma ai kin warke ɗin a lokacin, ko ba haka ba? Da idona na ga awon."

"Likita ya ce ƙwayoyin asibiti kuke niƙawa a ciki."

"Likita!" Ya tafa hannu. "In ba su faɗi haka ba me za su faɗa? Mun ɗauke musu kasuwa. Mutum ya je wurinsu ya wuni a layi, a yi masa tsawa, a rubuta masa abin da ba zai iya saya ba, a ce kuma har ya mutu yana sha. Ya zo wurinmu mu ce masa sannu, mu ba shi abin da aljihunsa zai ɗauka, ya koma gida da fata a ransa. Ke kanki me ya kawo ki wurinmu? Ba gajiya ba?"

Ta so ta ba shi amsa, amma harshenta ya yi nauyi. Gumi mai sanyi ya keto mata duk da sanyin na'urar ɗakin, yatsunta suka fara kakkarwa, takardun bangon suka soma iyo. Sai a lokacin ta tuna ta yi allura ba ta sa komai a cikinta ba.

Dakta ya dube ta sau ɗaya ya gane. "Zauna, zauna! Sukarinki ya sauka. Kin yi allura ba ki ci abinci ba, ko?" Ya zaunar da ita, ya yi sauri ya buɗe ƙaramin firjin da ke gefen teburinsa ya ciro lemo, ya buɗe ya kafa mata a baki. "Sha duka. Kada ki yi wasa da wannan, yana kashe mutum."

Tana sha idonta na kan firjin da ya bari a buɗe. A jikin ƙofar, bayan robar ruwa, ga 'yan kwalabe nan a jere masu hular ƙarfe. Ta san su kamar yadda ta san yatsunta. Irin na ruwan allurarta ne, har launin takardar.

Ya bi idonta da kallo, ya sa ƙafa ya tura ƙofar firjin ta rufe.

"Kai ma?" ta ce.

"Kowa da jarabawarsa, Mama."

"Ba ka shan Gadon Kakanni?"

"Jiki da jiki ya bambanta." Ya koma bayan teburinsa ya zauna, muryarsa ta sauya, ta yi laushi fiye da da. "Bari in gaya miki magana ta ɗa da uwa. In kika fita kika ce za ki tara mini jama'a, ni ina da lauya, ina da rubutun nan na bayan kwalba. Ke me kike da shi? Wanda aka yanke wa ƙafa bai san fuskata ba, taki ya sani. In hukuma ta zo, hoton wa za ta fara gani? Sannan ga yaronmu, surukinki. Yaro mai ƙoƙari, satin nan na ba shi mota, na ɗora shi a kan sauran. Na ji ma an kusa samun ƙaruwa. Allah ya sauke ta lafiya."

Maman Biyu ta ajiye kwalbar lemon a ƙasa. Ƙarfinta ya fara dawowa, tare da wata kunya, don ta san hannun mutumin nan ne ya tashe ta yanzu.

"Ka cire hotona," ta ce. "Shi kaɗai na zo nema."

"Wannan ai mai sauƙi ne. Da ma za mu canza. Ba ki ga matan da ke waje ba? Mutane sun saba da fuskarki, ta daina ja. Sai dai kayan da aka riga aka buga, su kam sai sun ƙare." Ya nuna ƙofa da haɓa, wajen kwalayen matakala. "Akwai irinsu cike da sito. Ki ɗan yi haƙuri."

A ƙasan bene ta tarar da surukinta yana loda kwalaye a bayan sabuwar farar mota. Yana ganinta ya saki kwalin ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, ina wuni? Ba ki ce za ki zo ba."

"Ka san abin da suke zubawa a ciki?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin motar. "Mama, ni kwali nake ɗauka in kai. Ban taɓa shiga inda ake haɗawa ba."

"Ba shiga na tambaye ka ba."

Bai ɗago ba. Can ya ce, "Jiya muka je awo. Sun ce yaron ya kwanta a gicciye, wataƙila sai an yi mata aiki." Ya miƙe tsaye. "Bari in kai ki gida, Mama, rana ta yi zafi."

Ta dubi motar. A gefenta ma fuskarta ce, an ja ta ta yi faɗi don ta cika ƙofar. Ta ce masa ya ci gaba da aikinsa, ta wuce tasha.

Bas ɗin da ta samu babba ne, ya cika har da na tsaye. Ta sami wuri a tsakiya kusa da wani tsoho mai farin gemu, wanda ya rungume sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Ba su yi nisa ba wayarta ta yi ƙara. Babbar 'yar direba ce.

"Mama, an fito da shi. Sun ce aikin ya yi kyau." Ana jin hayaniyar baranda a bayanta. "Umma ta ce in gaya miki kada ki zo. Ta ce kuma kayan ɗinkinmu da ke wurinki, ki bar su haka, za a aiko a karɓa."

"To," in ji Maman Biyu. "Ki ce ina gaishe shi."

"Ba zan iya faɗa ba, Mama." Ta kashe.

A tasha ta gaba wani mutum ya shigo da jakar hannu da kwat da ta sha guga. Ya tsaya a gaba ya riƙe ƙarfe, ya gyara murya, ya gaishe da iyaye da yayye da ƙanne, ya yi wa direba addu'ar sauka lafiya har aka amsa masa da amin. Ya ba da labarin wani mai rowa da ya ƙi sayen magani ya sayi makara, mutane suka yi dariya. Sannan ya zuge jaka ya ɗaga kwalba sama.

"Masu sukari, masu hawan jini, masu fitsarin dare, kukanku ya ƙare! Ba ni na faɗa ba, ga baiwar Allah nan a jiki. Shekara da shekaru tana fama da allura, likitoci sun sallame ta, 'ya'yanta sun fara rabon gado. Kwalba uku ta sha. Yau tana nan tana ɗinkinta, ko tsinken allura ba ta so ta gani sai na keke!"

Maman Biyu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta ja mayafinta baya, ta riƙe kujerar gabanta.

"Ƙarya ne," ta ce. Muryarta ta fito da ƙarfin da ba ta zata ba. "Ni ce matar. Ku dube ni da kyau. Ban warke ba. Yau da safe na yi wa kaina allura. Maganin nan ya kusa kashe ni, kuma yanzun nan aka yanke wa maƙwabcina ƙafa saboda shi. Kada wanda ya saya."

Kawuna suka juyo, idanu na tafiya daga kwalbar zuwa fuskarta. Wata mata ta ce, "Wallahi ita ce!"

Mai tallan ya yi ɗan jim, bai fi ƙiftawar ido ba. Sai ya buɗe hannuwa kamar wanda aka yi wa kyauta.

"Allahu akbar! Jama'a, kun ga ikon Allah? Wasu na cewa hotunan nan na bogi ne, yau ga ta da ranta! Ku dubi jikinta, ku ji muryarta. Wannan ta yi kama da mai ciwo? Ni da nake da lafiya ban kai ta ƙarfin murya ba!" Aka fara dariya. Ya rage murya kamar mai faɗin sirri. "Mama, na san abin da ya faru. Kun saɓa da kamfani a kan hakkinki, ko? Ki yi haƙuri, manya ne, za a daidaita. Amma kada faɗanku ya hana bayin Allah samun lafiya. Ke kin sha kin miƙe, ki bar wasu su sha."

"Haka mutane suke," wani ya ce daga baya. "In sun ƙoshi sai su kife kwanon."

"A'a, ku saurare ta mana," in ji wata budurwa mai jakar makaranta, amma hayaniya ta danne ta.

Maman Biyu ta sake cewa, "Na rantse muku," sai bas ɗin ya faɗa rami, ta yi taga-taga ta koma kan kujerarta. Kafin ta gyara zama hannaye sun fara miƙuwa. Wata ta ce a ba ta biyu, tunda ta ga matar da idonta. Wani saurayi ya ɗaga waya yana ɗaukarta hoto.

Tsohon da ke gefenta ya kwance bakin aljihunsa a hankali, ya ƙirga abin da ke ciki da taɓawa, ya miƙa. Aka miƙo masa kwalba hannu zuwa hannu.

"Baba," ta ce da shi ƙasa-ƙasa, "ba ka ji abin da na faɗa ba?"

"Na ji, 'yata. Kuma na yarda da ke. Mai ƙarya ba ya tona wa kansa asiri haka."

"To don me?"

"Na je asibitin. Sun duba ni da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Suka rubuta mini takarda, na kai kantin magani, aka faɗa mini kuɗin na wata ɗaya. Na ninke takardar na sa a aljihu, tana nan har yanzu." Ya shafa kwalbar da babban yatsa. "In na koma gida hannu biyu, tsohuwa za ta yi ta kallona. In na koma da wannan, za ta ce an samo magani, ta yi barci."

Maman Biyu ta juyo gare shi. Ta dubi idanunsa, ta ga wani farin hazo ya rufe su.

Ya miƙo mata kwalbar. "Idona ya tafi. Taimaka ki duba mini, cokali nawa suka ce a sha?"

Ta karɓa. Ta juya ta. An rubuta da manyan baƙaƙe: cokali uku, safe da rana da dare, kafin a ci abinci.

"Rabin cokali, Baba," ta ce. "Sau ɗaya a rana. Kuma sai ka ci ka ƙoshi tukuna."

"Rabi kawai?" Fuskarsa ta saki. "Ashe ma zai daɗe." Ya karɓi kwalbar ya sa a aljihu, ya dafe ta da hannu. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Gara da na tambayi wadda ta sani."